Ka Tsinci Baƙon Dutse Ko Ƙashin Da Ya Zama Dutse? Ga Yadda Ake Bi A Gane Shi

Garma kan tono baƙin dutse mai nauyin da ya fi girmansa. Mai haƙar rijiya kan ci karo da abu mai kama da haƙori a cikin laka. Makiyayi kan tsinci dunƙule sumul kamar ƙwai a kan tudu. Abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne: a wanke shi da omo, a buga masa guduma a ga cikinsa, a zagaya da shi kasuwa kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ranar da zai isa hannun wanda ya san duwatsu, an riga an goge rabin shaidar da za a gane shi da ita, kuma wanda ya kawo shi ba zai iya nuna takamaiman inda aka ɗauko shi ba. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci a kan dutse, domin launi da siffa su suka fi komai yaudara. Abin da ke yankewa shi ne wurin da aka same shi da kuma 'yan gwaje-gwaje da ake yi bi da bi, a fara da wanda ba ya ɓata komai, a ƙare da wanda ke cin ɗan gefe.

Kafin ka ɗaga shi

Ɗauki hotonsa a inda yake kwance. Hoto uku aƙalla: ɗaya daga nesa da ke nuna wurin gaba ɗaya, ɗaya daga kamar taku biyu, ɗaya dab da shi. A na kusa ka ajiye rula ko biro a gefensa, don hoton da ba ma'auni a ciki ba ya nuna ko abin tsakuwa ne ko ya kai tulu. Buɗe Google Maps, danna kan ɗigon da ke nuna inda kake, ka kwafe lambobin. In ba waya, rubuta sunan ƙauye, gonar da ake kira da wane suna, da nisan wurin daga wata alama da ba ta gushewa, kamar gada ko tsauni.

Sannan ka duba abu ɗaya da mutane ke rainawa: a cikin me yake? Akwai bambanci babba tsakanin abin da ke manne a jikin dutsen wurin da abin da ke yashe a sama. Na manne, shekarunsa ɗaya da shimfiɗar da ke riƙe da shi. Na yashe kuwa, ruwa na iya kawo shi daga nisan kilomita masu yawa, ko tifar yashi, ko ma aljihun wani. In a rami ne, auna zurfin, ka rubuta irin ƙasar da ke sama da wadda ke ƙasa da shi. Ka ɗebo guntun dutsen da ke kewaye da shi, kamar girman ƙwan kaza, ka sa a leda daban. Sau da yawa wannan guntun ne ke faɗa wa masani abin da shi kansa abin bai faɗa ba.

In ƙasusuwa ne da yawa a jere suna shiga cikin ƙasa, tsaya nan. Kada ka ja ko ɗaya. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa yana da tsaga dubu da ido ba ya gani, ƙasar da ke kewaye ce ke riƙe da shi. Masu wannan aiki sai sun haƙa kewaye, sun rufe shi da takarda mai laima, sun naɗe da tsumma da aka tsoma a filasta, ya bushe, sannan su juya shi su ɗauke da ƙasarsa. Kai dai ka rufe da yashi, ka yi alama, ka kai rahoto.

Wurin zai iya haifar da shi?

Wannan tambaya kaɗai kan rage rabin aiki. Tsakiyar ƙasar Hausa, wato Kano da Zariya da kudancin Katsina da yawancin Zamfara, na zaune ne a kan tsoffin duwatsu masu tauri irin su giranit, waɗanda suka daskare daga narkakken dutse ko zafi da matsi suka sauya su a can ƙarƙashin ƙasa. Kufena da Kwatarkwashi irinsu ne. Ba a samun burbushin halitta, wato ƙashi ko kwanso ko itacen da ya zama dutse, a cikin irin wannan dutse, don ba wata halitta da za ta tsira da siffarta a wannan zafi. Saboda haka in an fasa falalen dutse a Zariya aka ga zane mai kama da reshe, ba reshe ba ne.

Burbushin halitta yana cikin duwatsun da suka taru shimfiɗa kan shimfiɗa daga laka da yashi da kwanson halittun ruwa. Irinsu sun kewaye mu. A yamma akwai kwarin Sakkwato da ya miƙe har cikin Nijar da Mali, inda teku ta taɓa malalowa sau fiye da ɗaya. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi cike yake da makankari da katantanwa da bushiyar teku, masana sun ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 60. A ƙarƙashinsa, a lakar Dange, ana samun haƙoran kifin shak da jifsum da dunƙulen fosfet. Wajen Dukamaje da Goronyo akwai shimfiɗar ƙasusuwan dabbobin teku, har an raɗa wa wani ƙaton mai rarrafe na ruwa suna Goronyosaurus saboda garin. A gabas, ramin dutsen siminti na Ashaka a jihar Gombe ya yi suna wajen amonayit, wata halittar teku mai kwanso a murɗe kamar ƙahon rago. A arewa kuma akwai Gadufawa, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadas, inda aka tono ƙaton kadan nan Sarcosuchus da aka sa wa suna a 1966, da dinoso biyu, wato manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare: Ouranosaurus da masani Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 da masani Paul Sereno ya sa wa suna a 1999.

Filato daban take. Can ne gidan kuza da kolombayit da tofaz, ga kuma baƙin dutsen aman wuta, wanda ake samu har a tudun Biu. Wannan baƙin dutse yana da nauyi, mayen ƙarfe na ɗan kama shi, don haka yana cikin waɗanda aka fi kawowa da sunan dutsen sama, wato dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya.

Fara cire aikin hannun mutum

Abin da ya fi yawa a cikin "duwatsun sama" da ake kawowa shi ne kashin maƙera, wato dattin da ya rage bayan an narka tama. An daɗe ana narka ƙarfe a wannan ƙasa, daga Taruga da ke kusa da Abuja har gindin Dala a Kano, kuma tarin wannan datti na nan a gonaki da kufai ko'ina. Alamarsa: baƙi ko ruwan toka, ramuka ƙanana kamar soso, wani gefen na ƙyalli kamar gilashi, samansa da alamar kwarara kamar kunun da ya zuba ya daskare. Wani lokaci har za ka ga gurbin gawayi ko guntun gasasshen yumɓu manne da shi. Mayen ƙarfe na kama wani wuri ya ƙi wani. In kuma ka waiwaya ka ga irinsa birjik a wurin, magana ta ƙare.

Sai gatarin aradu. Dutse ne sumul, baƙi ko kore-kore, gefe ɗaya da kaifi, ɗayan a dunƙule, yakan cika tafin hannu. Ba aradu ce ta jefo shi ba. Gatari ne da mutanen da suka gabata suka wasa kafin a san ƙarfe, ruwan sama ne ke wanke ƙasa ya fito da shi bayan hadari, shi ya sa aka danganta shi da tsawa. Duba bakinsa da gilashi za ka ga layukan wasawa sun nufi gefe guda. Kayan tarihi ne mai daraja, wurinsa gidan adana kayan tarihi. Abin da tsawa ke yi da gaske a cikin yashi shi ne wani siririn bututu mai kaushi a waje, gilashi a ciki, maras nauyi, ana kuwa samunsa a rairayin Sahara.

Katanga, wato fasasshiyar tukunya, da gasasshen yumɓu su ma kan rikita mutane, musamman in sun yi lanƙwasa kamar ƙoƙon kai. Karyayyen gefensu na nuna ƙwayoyin yashi a cikin jan yumɓu, sau da yawa da baƙin layi a tsakiya.

Kayan gwaji da yadda ake bi

Ba ka bukatar kayan tsada. Gilashin ƙara girma mai ninki 10, mayen ƙarfe da zare, sikelin dijital, kofin roba, guntun farin tayil, ƙusa ko wuƙa, guntun gilashin taga, wayar wuta ta jan ƙarfe, ruwan khal, da littafin rubutu. Duk abin da ka gwada ka rubuta sakamakonsa nan take, har wanda bai nuna komai ba.

Fara da kallo a hasken rana, da burushi busasshe kawai. Ƙwayoyin dutsen a sarƙe suke da juna kamar an narka su tare, ko a manne suke kamar yashin da aka kwaɓa? Yana da shimfiɗu? Yana da ramuka? Launin waje ɗaya ne da na inda ya ɗan ɓantare? Duwatsun da suka daɗe a rana, musamman a hamada, kan yi baƙar fata mai sheƙi ta ƙarfe da manganis, cikinsu kuwa fari ne ko ja.

Mayen ƙarfe kada ka manna shi kai tsaye. Rataye shi da zare, ka matso da dutsen a hankali, ka ga ko zai karkato. Haka ake gane jan da bai da ƙarfi. Rubuta ɗaya daga uku: ba ya ja, yana ɗan ja, yana kamawa ƙam. In kana da dalili mai ƙarfi na zaton dutsen sama ne, misali an ga faɗowarsa, bar wannan gwaji gaba ɗaya, domin maye mai ƙarfi na goge tsohon maganaɗisun da ke cikin dutsen wanda masu bincike ke aunawa.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ɗaga dutse a hannu a ce "yana da nauyi" ba awo ba ne. Ga yadda ake yi. Auna dutsen a bushe, rubuta giram nawa ne. Zuba ruwa a kofi yadda zai shanye dutsen, ɗora a sikeli, danna ya koma sifili. Ɗaure dutsen da zare siriri, ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma yana rataye a hannunka, bai taɓa gindi ko gefen kofin ba. Rubuta lambar da sikeli ya nuna. Raba ta farko da ta biyu. In dutsen giram 132 ne a bushe, sikeli ya nuna 50 da yana rataye, amsa 2.64 ke nan, wato ya ninka ruwa nauyi sau 2.64.

Yanzu sai kwatantawa. Ƙanƙara, farin dutsen nan mai tauri da masana ke kira kwaz, 2.65 take. Giranit da dutsen siminti da yawancin duwatsun da muke takawa na tsakanin 2.5 da 2.8. Baƙin dutsen aman wuta kusan 3. Yawancin duwatsun sama na tsakanin 3.2 da 3.7. Tofaz 3.5, safaya 4, barayit 4.5. Tama mai kyau, hematayit ko magnetayit, ta haura 5 kaɗan. Kuza kusan 7, tozali 7.5, dutsen sama na zallar ƙarfe tsakanin 7 da 8. Zinare kuwa daga 15 zuwa 19, ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke kusa da shi.

Inda ake kuskure a nan wuri huɗu ne. Dutsen ya taɓa gindin kofi, sai lamba ta yi tsalle. Kumfar iska ta maƙale a jikinsa, sai amsa ta yi ƙasa. Girgiza zaren ta fita. Dutsen na shan ruwa kamar marmara, sai lamba ta riƙa sauka kana kallo. Ɗauki ta farko, ka san kuma amsar kusa-kusa ce. Na huɗu, dutse ƙarami a sikelin da ke ƙirga giram ɗai-ɗai: in bai kai giram 20 ba, nemi irin sikelin masu sayen zinare. Maimaita sau uku. Kada ka tsoma abin da ke marmashewa, ko mai gishiri, ko ƙashi mai tsaga, ko dutsen da ya faɗo kwanan nan, don ruwa na sa ƙarfen cikinsa tsatsa.

Daga nan sai zane. Juya tayil ta bayansa inda ba sheƙi, goga gefen dutsen da ƙarfi, ka dubi launin garin da ya bari. Launin dutse na canzawa, na garinsa ba ya canzawa. Hematayit, ko da baƙi ne wuluk a ido, zanensa ja ne kamar jar ƙasa. Magnetayit baƙi. Tamar marmara rawaya mai duhu. Tozali ruwan toka. Kuza, duk baƙinta, zanenta fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, abin da ke bambanta ta da baƙin yashin ƙarfe ke nan. In dutsen ya fi tayil tauri, farin garin da ka gani na tayil ne.

Tauri ana auna shi da jerin Mohs, daga 1 zuwa 10. Farce 2.5 ne, jan ƙarfe kusan 3, wuƙa da gilashi kusan 5.5, ƙanƙara 7, tofaz 8, safaya 9, lu'ulu'un daiman 10. Jifsum farce na karce shi. Kalsayit, ma'adinin da ke cikin dutsen siminti, farce ba ya yi, wuƙa na yi cikin sauƙi. Ƙanƙara na karce gilashi. Bayan kowane karci ka goge da yatsa mai laima ka duba da gilashi: in layin ya tafi, ba karci ba ne, ƙarfen wuƙar ne ya gogu a kai. Yi a ɓoyayyen gefe, kuma a sabon wuri, don fatar da rana da ruwa suka ci ta fi ciki laushi.

Na ƙarshe, ɗiga ruwan khal ɗigo ɗaya a inda ka ɗan kankare. In ya yi kumfa, dutsen siminti ne ko kalsayit, ko kwanson da bai sauya ba. Kumfar khal ba ta da ƙarfi, sai ka sa gilashi ko ka kara kunne. Wanke wurin da ruwa bayan haka. Kada ka kusanci ruwan batir: yana ƙona fata, yana makantarwa, ba ya kuma ba da amsa mai kyau.

In zatonka dutsen sama ne

Suna faɗowa a ƙasar nan, ba tatsuniya ba ce. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami cikin ƙasar Katsina, bincike kuma ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito. An sami faɗowar wani a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984. A Nuwamban 2023 an tsinci wani na Mars a yankin Agadas mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Tun daga nan kowane baƙin dutse ya zama abin zato, don haka a san alamun da kyau.

Alama ta farko fatar ƙuna ce. Sa'ad da dutsen ke keto iska, samansa na narkewa ya bar fata baƙa siririya, kaurinta da wuya ya wuce milimita ɗaya. In ya ɓantare za ka ga iyaka sarai tsakanin baƙar fatar da cikin da ya fi haske, kamar ɓawon gasasshen dankali. Gefunansa a dakushe suke, jikinsa kan yi lotsattsun wurare kamar an danna babban yatsa a kwaɓaɓɓen yumɓu. Ba ya zama ƙwallo sumul, ba ya da shimfiɗu, ba ya da ƙwayoyin ƙanƙara, kuma kusan kullum ba ya da ramukan soso. Zanensa a tayil ba ya wuce ɗan toka-toka. Ja ko baƙi mai kauri na nufin tama ce.

In ya tsallake waɗannan, buɗe masa 'yar taga. Da magagari ko samfefa, goge wani lungu kamar faɗin farce har ka wuce fatar, a bushe. A irin da aka fi samu za ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe fari mai ƙyalli a warwatse kamar an barbaɗa, da wasu ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Ƙwallayen nan ba a samunsu a dutsen duniya. In kuwa duk wurin ya fito ƙarfe zalla, ko dai dutsen sama na ƙarfe ne ko guntun tsohon inji, abin da ke raba su nikel ne: na sama na ɗauke da kashi 5 cikin 100 ko fiye, sai na'urar ɗakin gwaji ke aunawa.

A lura, irin na Zagami ba ya bin yawancin waɗannan ƙa'idoji. Maye da ƙyar yake jansa, ba ɗigon ƙarfe, ba ƙwallaye, cikinsa kamar dutsen aman wuta na duniya. Fatar ƙunarsa mai sheƙi da shaidar waɗanda suka ga faɗowarsa su suka tsamo shi. Don haka dutsen da ke da fatar ƙuna ta gaske, ko maye bai ja shi ba, kada a yar. Naɗe shi a takardar alminiyam mai tsabta, sa a busasshen mazubi, rage taɓa shi da hannu. Ba ya da guba, ba ya fitar da wani haske mai cutarwa.

In zatonka ƙashi ne ko wata halitta

Siffa kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ake nema tsari ne, wato gini mai maimaituwa wanda halitta ce kawai ke yin sa. Ƙashi na da fata mai santsi a waje da siraran layuka a tsaye, cikinsa kuma saƙa ce kamar soso, ko da ma'adini ya cike ramukan za ka gan ta da gilashi a karyayyen gefe. Dutsen da ya yi kama da ƙashi kawai, cikinsa da wajensa iri ɗaya ne. Haƙori na da rufi mai sheƙi a sama da saiwa maras sheƙi a ƙasa. Na kada kamar tsinin ƙaho yake da siraran layuka, na shak a baje yake da kaifi gefe biyu. Ɓawon kififfiya faranti ne mai ɗinki a gefe. Fatar bayan kada na da ramuka zagaye-zagaye a fuska ɗaya, ɗaya fuskar sumul. Bushiyar teku kamar ƙaramin ƙosai take, da zanen fure mai kunne biyar a sama. Amonayit na da ɗakuna a jere a cikin murɗinsa, da layuka masu lanƙwasa kamar zanen lalle a inda bangon ɗaki ya haɗu da kwanso. Itacen da ya zama dutse, wanda ake samu a duwatsun yashi na Gundumi da na Bima, yana riƙe da zaren itace da gurbin reshe, amma yana karce gilashi.

Sabo ne ko tsoho? Ƙashin saniyar da ta mutu shekara goma ma kan yi baƙi a cikin laka. Wanda ya zama dutse ya fi nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi da ƙusa yana ƙara kamar tangaran. Gasa allura ta yi ja ka taɓa ɓoyayyen gefe: sabon ƙashi na warin ƙonannen gashi, tsoho ba ya yi. Ana yawan cewa a lasa, in ya manne a harshe ƙashi ne. Mu dai ba mu ba da wannan shawara ba. Yumɓu da marmara ma na mannewa, kuma ba ka san abin da ke jikin dutsen ba. Yatsa mai laima ya isa.

Masu yaudara uku ne suka fi yawa. Na farko dunƙulen da ake kira ƙwan dinoso: ma'adini ne ya taru a kewayen wani ɗan abu cikin laka ko yashi, ya yi zagaye, cikinsa falle-falle kamar albasa, wani ma har yana kaɗawa in an girgiza. Ƙwai na gaske na da ɓawo mai kauri ɗaya ko'ina, milimita kaɗan, da ƙofofin iska ƙanana a jiki. Na biyu baƙin zanen nan mai rassa kamar ganye a fuskar tsagar dutse; manganis ne da ruwa ya shigo da shi, ba shi da kauri, ba jijiyar ganye, kuma yana bin tsaga duk inda ta nufa. Na uku dunƙule mai tsage-tsage da farin kalsayit ya cike, wanda ake ɗauka bayan kunkuru ne. Na kunkuru tsarinsa ɗaya ne dama da hagu, wannan kuwa tsagarsa barkatai take.

Masu ƙyalli

Rawaya mai ƙyalli da ake ɗauka zinare yawanci fairait ne ko maika. Danna da tsinin allura: zinare na lotsawa, fairait na fashewa ya zama gari, maika na ɓarewa falle-falle. Zanen zinare rawaya ne, na fairait baƙi mai ɗan kore. Dutsen ado mai launi kuma, in ka ga kumfar iska zagayayya a cikinsa da gilashi, fasasshiyar kwalba ce. 'Yar na'urar nan da ke ƙara in an ɗora ta kan daiman takan yi ƙara a kan wasu duwatsun ma, kada a biya kuɗi a kan shaidarta kaɗai.

Kada a daka ko a niƙa dutse a cikin gida don a ga abin da ke ciki. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, niƙan dutsen zinare mai haɗe da dalma a tsakar gida ya kashe yara sama da 400. Ƙurar ce ke shiga abinci da hannun yara. Duk dutse mai nauyi, ruwan toka, mai ƙyalli kamar tozali, a ajiye shi nesa da yara, a wanke hannu bayan an taɓa.

Ajiya da kaiwa wurin masana

Kowane abu da ledarsa, da takarda a ciki mai lamba, kwanan wata, wuri, zurfi da sunan wanda ya tsinta. Rubuta da fensir, tawada na narkewa. Naɗe mai rauni da takarda mai laushi, ban da auduga, don zarenta na sarƙewa a tsaga ya ɓalle gutsure. Kada ka shafa mai ko fenti don ya yi kyau a hoto. In ya karye, ajiye gutsuren tare, kada ka liƙa da gam mai kamawa nan take, domin ba ya fita. Masu gyaran irin waɗannan kaya na amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narka a asiton, saboda ana iya warware shi daga baya.

A Najeriya, wurin zuwa shi ne Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta tarayya, wadda ke da babban ɗakin gwaji a Kaduna, ko sashen ilimin ƙasa na jami'a, kamar na Ahmadu Bello a Zariya ko na Jos. Kayan da hannun mutum ya yi, na Hukumar Gidajen Tarihi ne. A Nijar akwai Gidan Tarihi na Boubou Hama da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Je da abin, da guntun dutsen da ke kewaye da shi, da hotuna, da littafinka. In sai ka tura hoto ne, tura shida, kowane gefe ɗaya, a hasken rana ba filasha, da rula a gefe, ka haɗa da nauyi da sakamakon kowane gwaji.

Can za su iya haska shi da na'urar da ke faɗin sinadaran ciki ba tare da an fasa ba, ko su yanki siririn falle su duba a madubin bincike. In dutsen sama ne kuma ana so ya shiga rajistar duniya ya sami suna, ƙa'ida ita ce a bar giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da aka amince da ita. In za ka bar abinka a hannun kowa, karɓi takarda mai nauyinsa da hotonsa da sa hannu. Ka kuma san doka: a Najeriya, tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ɗora mallakar ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, dokar kayan tarihi ta 1979 kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini. Mai sayen da ya ce ka fara biyan kuɗin gwaji ko na takardu kafin ya zo, ko ya faɗi farashi daga ganin hoto kawai, rabu da shi.